Ɗan Aiken Mai Cin Duniyoyi: Lacca a Kan Silver Surfer

 

An nemi in yi magana a kan littattafan labarin zane na Amurka, waɗanda ake kira komik, aka kuma bar mini zaɓi. Na san da yawa a nan sun sa ran jin sunan Superman, tunda shi ma baƙo ne daga wata duniya, kuma shi ne yaya babba, tun 1938 yake fitowa. Sai dai Superman yana jariri ya sauka, a wata gona a Kansas aka raine shi, ya tashi Ba'amurke ciki da waje. Wanda na ɗauko muku yau bai taɓa zama ɗan gida a ko'ina ba. Sunansa Silver Surfer, na kamfanin Marvel.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, siffarsa ta mutum ce, amma jikinsa duk azurfa ne mai sheƙi. Ba gashi a kansa, ba ƙwayar ido, ba alkyabba irin ta sauran jarumai. Yana tsaye a kan wani dogon allo, da shi yake keta sararin samaniya daga wannan tauraro zuwa wancan. Allon irin wanda samarin bakin teku a Kalifoniya suke hawa ne suna sulu a kan igiyar ruwa, wasan da ya cika Amurka a shekarun 1960 har ana yi masa waƙoƙi da finafinai. Abin dariya ne idan aka faɗe shi da baki, saurayin bakin teku a tsakanin taurari. Da wani ne ya zana shi ba Jack Kirby ba, da tuni an manta da shi.

Aikinsa shi ne aike. Yana da ubangida mai suna Galactus, wani ƙato da ya girme wa sararin da muke ciki, wanda abincinsa shi ne ƙarfin rai da ke cikin duniyoyi. Idan ya sauka a wata duniya ya kafa na'urorinsa, zai tsotse ta har ta koma busasshen dutse. Shi kuwa mai allon azurfa shi ne ke wucewa gaba, ya duba, ya zaɓa, ya aika da alama cewa ga abinci ya samu. Bai taɓa cin duniya ko ɗaya ba. Nuna hanya kawai yake yi. Maganata ta yau duk a kan wannan "kawai" ɗin take, domin ina ganin shi ne abu mafi nauyi a labarin, kuma shi ne abin da marubutan Marvel suka daɗe suna kewaye wa.

Ya fara bayyana a fitowa ta 48 ta mujallar Fantastic Four, mai ɗauke da kwanan watan Maris na 1966. Yadda ya shigo mujallar ma labari ne. A lokacin Marvel na da wata hanya ta aiki: edita kuma marubuci Stan Lee zai tattauna jigon labari da mai zane, wani sa'in a 'yan jimloli, sai mai zanen ya tafi gida ya zana shafuka ashirin, shi ne zai tsara abin da ya faru da yadda ya faru, yana barin gajerun bayanai a gefen takarda. Bayan ya kawo ne Lee zai sa wa mutanen ciki magana a baki. Sun shirya labarin Galactus. Da shafukan suka dawo, sai Lee ya ga wani mutum a kan allo wanda ba su taɓa zancensa ba. Lee da kansa ya sha ba da labarin nan. Da ya tambaya, Kirby ya ce masa mai girma irin na Galactus ba ya tafiya sai da mai share masa hanya, allon kuma ya zana shi ne don ya gaji da zanen jiragen sama jannati. Saboda haka a nan babu gardamar da aka saba yi a kan wa ya ƙirƙiri wa tsakanin mutanen biyu. Wannan na Kirby ne.

Bari mu tsaya a kan fitowa ukun nan, ta 48 da ta 49 da ta 50, domin kusan duk abin da ya biyo baya daga nan aka ɗebo shi. Kafin mai allon ya iso duniyarmu, Kirby ya nuna mana shi yana wucewa ta yankin wasu halittu da ake kira Skrull, mayaƙa ne masu daula, waɗanda ba su san tsoro ba. Suna hango shi suka kashe duk wani haske da ke duniyoyinsu, suka yi tsit har ya wuce. Ba a gaya wa mai karatu ko wane ne ba tukuna, amma ya riga ya gane. A nan duniya kuma wani mai suna Watcher, wanda ya yi rantsuwar cewa kallo kawai zai riƙa yi ba zai sa hannu cikin lamarin kowa ba, ya karya rantsuwarsa. Ya rufe sama da harshen wuta, daga baya ya rufe ta da duwatsu, ko baƙon zai wuce bai lura ba. Bai yi amfani ba. Baƙon ya ratsa duwatsun, ya sauka a kan benen jaruman mujallar su huɗu a birnin New York, ya aika da alamarsa. Ɗaya daga cikinsu, Ben Grimm, ƙaton nan mai jikin dutse, ya kai masa naushi ya cillo shi daga saman benen, amma aikin gama ya gama.

Inda ya faɗa shi ne gidan Alicia Masters, makauniya mai sassaƙa gumaka. A ganina wannan ne wuri mafi kyau a labarin gaba ɗaya. Ta ji an faɗo, ta lallaɓa fuskarsa da hannu kamar yadda take yi wa duk wanda za ta sassaƙa, ta ce ta ji daraja a fuskar. Ta kawo masa abinci, domin baƙo ne. Shi kuwa bai san mene ne ci ba. Ya narkar da abincin ya mai da shi tsabar ƙarfi, yana yi mata bayanin cewa haka ya fi sauƙi, kuma haka ubangidansa zai yi wa duniyar gaba ɗaya. Babu ƙiyayya a maganarsa, babu mugunta. Bai taɓa tunanin cewa abin da ke zaune a duniyoyin nan yana da wani muhimmanci ba. Sai matar nan da ba ta ganin sheƙinsa, ba ta kuma jin tsoronsa, ta tsaya tana yi masa faɗa, tana gaya masa cewa mutanen da za su mutu suna da zuciya, suna da waɗanda suke ƙauna. A nan ne ya fara jin wani abu da bai san sunansa ba, ya tashi ya juya wa ubangidansa baya.

Ba shi ne ya ci Galactus da yaƙi ba, kuma ba zai iya ba. Ɓata masa lokaci ya yi, har Johnny Storm, ɗaya daga jaruman huɗu, ya dawo daga wata doguwar tafiya da wani ɗan makami da ake riƙewa a hannu ɗaya, wanda zai iya shafe komai da kowa. Reed Richards, shugaban jaruman, ya nuna wa Galactus shi, Galactus ya yi alkawarin barin duniya. Ku lura da shekarar. Shekara huɗu ba su cika ba da rikicin makamai masu linzami na Kuba, lokacin da Amurka da Tarayyar Sobiyat suka kusa ƙone duniya. Yaran da ke karanta mujallar sun san ma'anar a ce zaman lafiya ya dogara ga makamin da zai hallaka mai shi tare da abokin gabansa. Kafin Galactus ya tafi sai ya hukunta ɗan aikensa, ya ɗaure shi a duniyar da ya zaɓa, ba zai ƙara fita sarari ba. Abin da ke ba ni dariya kullum shi ne, wannan gagarumin labari a tsakiyar fitowa ta 50 ya ƙare, sauran shafukan kuma Johnny Storm ne ke tafiya jami'a yana neman ɗakin kwanansa.

To wannan shi ne Surfer na Kirby. Halitta ce da ba ta da tarihi, ba uwa ba uba, ba ta san mutuwa ba, a hankali take koyon zama mutum. Kirby ya taɓa cewa daga Baibul ya samo tunanin su biyun, kuma yana kallon mai allon a matsayin mala'ikan da aka koro. Idan haka yake, laifinsa mai sauƙi ne, domin bai san abin da yake yi ba, kuma ranar da ya sani ranar ya daina.

Stan Lee ya ƙaunaci wannan halitta fiye da duk waɗanda ya sa wa magana a baki, kuma ƙaunar ce ta kawo matsala. A 1968 Marvel ta ba Surfer mujallarsa ta kansa. Lee ne marubuci, amma zanen sai ya ba John Buscema, bai ba Kirby ba. Mark Evanier, wanda ya yi wa Kirby aiki daga baya ya kuma rubuta tarihinsa, ya ruwaito cewa Kirby na cikin tsara nasa labarin asalin Surfer ne ya ji an riga an yi wani babu shi. A fitowar farko, ta watan Agusta, Lee ya ba shi suna, Norrin Radd. Ya ba shi gari, wata duniya mai suna Zenn-La, inda ilimi ya kai ƙarshe har mutane suka daina sha'awar komai, suka zauna suna jin daɗi. Ya ba shi masoyiya, Shalla-Bal. Ranar da Galactus ya zo cin Zenn-La, Norrin Radd ya tare shi da ciniki: ka bar garinmu, ni kuma in zama bawanka mai nemo maka abinci. Galactus ya yarda, ya lulluɓe shi da azurfa, ya ba shi allo.

Masu karatu da yawa sun ɗauki wannan a matsayin sadaukarwa, haka ma Lee ya so a ɗauka. Ni kuwa ina ganin Lee ya ɗora wa jarumin nasa laifin da Kirby bai ɗora masa ba, ba tare da ya lura ba. Norrin Radd mutum ne. Ya san mutuwa, ya san ƙauna, ya san abin da ake ji idan inuwar Galactus ta rufe gari, tunda ya gani da idonsa. Da saninsa ya ce a bar nasa a ci na wasu. A ƙauyukanmu na arewa maso yamma, a shekarun nan na 'yan bindiga, an san mutumin da ake kira infoma. Ba ya riƙe bindiga, ba ya kora shanu. Shi dai ya san gidan da aka sayar da hatsi jiya, ya san hanyar da babu 'yan sa-kai. Wani ma idan an kama shi cewa yake yi tilasta masa aka yi, don a bar iyalinsa. Ku tambayi mutanen garin da aka ƙone ko wannan uzuri ya ishe su.

Lee ya yi ƙoƙarin toshe ɓarakar da cewa niyyar Norrin ita ce ya riƙa kai ubangidansa duniyoyin da babu masu rai. To me ya kawo shi New York? Me ya sa Skrull suka kashe fitilu? Mujallar ba ta tsaya a kan tambayar ba. Abin da ta yi a fitowa 18 da ta samu shi ne, ta mai da Surfer mai wa'azi. Yana shawagi a kan birane da filayen yaƙi yana mamakin ɗan Adam, yadda aka ba shi duniya mai albarka ya cika ta da ƙiyayya. Ya taimaki mutane, su jefe shi. Ya koma kan wani tsauni ya zauna ya dafa kai yana begen Shalla-Bal. Buscema gwani ne wajen zana jikin mutum cikin baƙin ciki, kuma wasu shafukan nasa har yau ana koyar da zane da su. A fitowa ta uku aka kawo Mephisto, wani mai kama da Shaiɗan, wanda burinsa ya mallaki ran Surfer saboda tsarkinsa ya dame shi. Tsarki fa aka ce, ga mutumin da ya nuna hanyar hallaka al'ummai.

Ba na son in yi wa Lee rashin adalci. Shekarar 1968 ce, an kashe Martin Luther King a watan Afrilu, an kashe Robert Kennedy a watan Yuni, yaƙin Biyatnam na cin samarin Amurka. A ƙarshen shekarar 'yan sama jannatin Apollo 8 suka ɗauko hoton duniya tana ɓullowa daga bayan wata, ƙarama, shuɗiya, ba a ganin iyakar ƙasa ko ɗaya. Lee yana son mai magana da ya kalli mutane daga can, kuma ya samu. A fitowa ta biyar ya rubuta labarin da nake ganin ya fi sauran. Mutum ɗaya da ya karɓi Surfer a matsayin aboki shi ne Al Harper, baƙar fata masanin kimiyya, wanda ya san zafin a ƙi mutum saboda kamanninsa. Harper ya rasa ransa wajen kwance wani bam da zai shafe duk mai rai a duniya, kuma ba wanda ya san ya yi hakan. Surfer ne ya binne shi, ya kunna wuta a kan kabarinsa. A mujallar yara ta 1969, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kasuwa dai ba ta karɓa ba. Fitowa bakwai na farko masu kauri ne, ana sayar da su santi 25 a lokacin da sauran mujallu ke santi 12, kuma yaro mai kuɗin kashewa kaɗan ba zai biya ninki biyu don ya ji kuka ba. An rage shafuka, an riƙa gayyato sauran jarumai irin su Spider-Man su zo a yi faɗa, duk a banza. A fitowa ta 18, ta watan Satumbar 1970, aka kira Kirby ya zana. Shafinsa na ƙarshe fuskar Surfer ce cike da fushi, yana rantsuwar cewa haƙurinsa da ɗan Adam ya ƙare. Daga nan mujallar ta mutu, ba a ga abin da fushin ya haifa ba. A shekarar ce kuma Kirby ya bar Marvel ya koma kamfanin DC, inda ba da jimawa ba ya zana wani mai ɗaukar rai da ke tashi sama a kan katakon sulun ƙanƙara. Kirby ya rasu a 1994 bai mallaki ko ɗaya daga halittun da ya zana wa Marvel ba, domin aikin ƙwadago aka ɗauke su. Disney ta sayi Marvel a 2009 a kan kusan dala biliyan huɗu, sai a 2014 aka sasanta da 'ya'yansa, ana gab da jin ko Kotun Ƙolin Amurka za ta saurari ƙarar mallakar halittun.

Lee ya riƙe Surfer shekaru, ba ya son wani ya rubuta masa mujalla. Shi da Kirby sun sake haɗuwa a kansa a wani littafi guda a 1978. A 1988 kuma ya yi aiki da mai zanen nan na Faransa, Jean Giraud, wanda aka fi sani da Moebius, suka fitar da Parable. A ciki Galactus ya dawo, amma tunda ya yi alkawarin ba zai ci duniya ba, sai ya tsaya kurum ya bari a bauta masa. Wani mai wa'azin talabijin ya naɗa kansa manzonsa, mutane suka shiga rusa garuruwansu da hannunsu. Littafin ya ci kyautar Eisner ta komik, kuma ya cancanta, zanensa kaɗai ya isa. Amma nan ma laifin ɗan Adam ake tonawa, na mai allon yana rufe.

Ɗaurin da aka yi masa a 1966 sai a 1987 aka kwance shi, lokacin da Steve Englehart ya fara sabuwar mujallar da ta kai fitowa 146. Yadda aka kwance shi ma sai ka riƙe baki. Ben Grimm, wanda ba ya cikin masu ilimin gidan, shi ne ya ce a gwada fita da shi a jirgi ba tare da allon ba, sai ga shi shingen allon yake tarewa. Shekara 21 yana dukan bango. Da ya isa Zenn-La ya tarar Shalla-Bal ta zama sarauniya, aure bai yiwu ba. Daga nan mujallar ta koma abin da ya kamata ta zama tun farko, labarin sarari, da dauloli da yaƙe-yaƙensu. A cikinta ne Jim Starlin da Ron Lim suka dawo da mugun nan Thanos a 1990, labarin da ya kai ga Infinity Gauntlet, wanda ya zama tushen finafinan Avengers da kuka kalla.

Starlin ne ya fara taɓa inda ke ciwo. Ya sa Surfer ya gano cewa tun farko Galactus ya taɓa ransa, ya danne masa tausayi da jin laifi don aikin ya tafi. Surfer ya je ya nemi a gyara, aka gyara, nauyin duk waɗanda suka mutu ya faɗo masa lokaci guda. Dabara ce mai kyau, ta haɗa na Kirby da na Lee wuri ɗaya, ta bayyana dalilin da ya sa mutumin Zenn-La bai gane kukan Alicia ba. Amma ni ban gamsu ba. Ta amsa cewa an yi laifi, sai ta mai da shi laifin wanda aka yi wa asiri. Cinikin farko kuwa da hankalinsa ya ƙulla shi, kafin kowa ya taɓa masa rai.

Sai da aka kai 2014 zuwa 2017, a hannun Dan Slott da mai zane Mike Allred, aka kawo waɗanda labarin ya rasa tun farko. Mujallarsu mai raha ce, launinta kamar alewa, Surfer na yawo da wata budurwa 'yar Amurka mai suna Dawn Greenwood wadda ba ta san tarihinsa ba. Wata rana suka sauka a wata duniya mai suna Newhaven, suka tarar da jinsi iri-iri suna zaune tare. Ashe duk 'yan gudun hijira ne, ragowar duniyoyin da Galactus ya cinye, kuma kowannensu ya san allon nan. A nan Dawn ta ji ko wa take bi. A karon nan Surfer ba shi da tsaunin da zai hau ya yi wa mutane wa'azi, domin waɗanda ke gabansa sun san sunayen garuruwansu da ya nuna. Zuwansa ma ya jawo musu Galactus, suka sake rasa matsuguni, sai ya ɗauki aikin da ya iya, ya wuce gaban jiragensu yana nemo musu wata duniyar. Fitowa ta 11, wadda ta ci kyautar Eisner a 2016, an tsara ta ne yadda labarin ke bin saman shafuka har ƙarshe, ka juya mujallar a kife ka biyo ƙasa, ka tarar ka dawo inda ka fara, ayarin na ta zagaye cikin lokaci ya kasa fita. Slott ya tausaya masa da wuri fiye da yadda ni zan yi, kuma da ni ne edita da na bar mutanen Newhaven sun yi magana na wasu fitowa biyu ko uku kafin a yafe wa kowa.

Shugaba, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya ƙure. Finafinai biyu da Surfer ya fito a ciki, na 2007 da na 2025 inda aka mai da Shalla-Bal ita ce mai allon, sai dai mu taɓa su a wajen tambayoyi.